Dutsen Sarki, Hannun Magini: Abin da Na Gano a Birnin Delhi

 

Da aka ce in zo in yi magana a kan Indiya, wani abokina ya ce da ni, "Ka dai san abin da za su zo ji, rawa da waƙa." Bai yi ƙarya ba. Da yawanmu mun san Indiya a majigi tun kafin mu san hanyar Legas. To ni ma ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, jinya ce, kamar yawancin mutanenmu da ke zuwa can. Na raka yayana asibiti a Delhi, likita ya ce sai mun yi mako bakwai. Duk wanda ya taɓa zaman jinya ya san tsakanin allurar safe da ta yamma akwai wuni guda wanda mutum bai san yadda zai yi da shi ba. Da jiki ya fara sauƙi, Yaya ya dube ni ya ce, "Kai, tashi ka fita. Zaman da kake yi a kaina ya fi ciwon damuna." Haka na fara shiga gari, a cikin keken nan mai ƙafa uku da muke kira A Daidaita Sahu, wanda dama daga can ake kawo mana shi.

Duk inda ka je a Delhi, ɗan jagora zai tare ka da sunayen sarakuna: wane ya gina wannan, wane ya gina wancan. Sarki bai taɓa ɗaga dutse ba. Abin da nake so mu duba yau shi ne hannun da ya riƙe kurfi da guduma, domin shi ne bai canja ba duk da sarautar ta yi ta canja hannu. Masana sukan ƙirga birane bakwai ko fiye a wurin da ake kira Delhi yanzu. Kowane mai mulki in ya zo sai ya matsa gefe ya kafa nasa, sau da yawa da duwatsun wanda ya gada.

Mu fara daga kudu, unguwar Mehrauli, inda hasumiyar Kutub take. Tsawonta mita 72 da rabi, matakalarta 379. Don ku kwatanta, hasumiyar masallacin Agadas mita 27 ce, kuma wanda ya tsaya a gindinta ya san ba ƙaramar aba ba ce. Kutubuddin Aibak, bawa Baturke da ya zama sarkin Delhi, shi ya fara ta a wajajen 1199, ya rasu bai wuce hawa na farko ba. Surukinsa Iltutmish ya ɗora. A 1369 tsawa ta faɗa wa kanta, Firuz Shah Tuglak ya gyara ya ƙara, shi ya sa hawa biyun sama suke da farin marmara, na ƙasa kuwa jan dutse. Wani injiniyan Ingila mai suna Robert Smith ya ɗora mata 'yar rumfa a ka a 1828, abin bai dace ba kamar hular malafa a kan rawani, aka sauke ta a 1848. Tana nan ajiye a kan ciyawa har yau. Ba a hawa hasumiyar tun 1981, lokacin da wuta ta ɗauke a cikin matakalar, aka yi turmutsutsu, mutane fiye da 40 suka rasu, yawancinsu 'yan makaranta.

Amma ba hasumiyar ce ta riƙe ni ba, masallacin da ke gindinta ne, Kuwwatul Islam. A ƙofarsa ta gabas akwai rubutu da ke cewa da duwatsun wuraren bauta 27 na Hindu da na mabiya addinin Jain aka gina shi. Ba sai ka karanta rubutun ba, ginshiƙan da kansu za su gaya maka. Na tsaya a gaban ɗaya na daɗe. An ɗora guntun ginshiƙi a kan wani don ya kai tsawon da ake so. A jikinsa an sassaƙa sarƙa tana reto da ƙararrawa a ƙarshenta, ga tulu yana ambaliyar ganye, ga kuma wata siffar mutum da aka daddake fuskarta, amma awarwaron hannunta na nan ƙwar. Da can an shafe duk wannan da farar ƙasa. Shekaru suka wanke shafen, abin da aka ɓoye ya fito. Ba zan yi muku kwaskwarima ba: rushe wurin bautar wasu aka yi aka tayar da wannan, kuma raunin bai warke ba, don har a 'yan shekarun nan an kai maganar wurin gaban kotu.

Sai ka ɗaga kai ka dubi manyan bakunan da ke gaban wurin salla. Aibak yana son baka mai tsini irin na ƙasar Farisa, wanda ake yi da duwatsu masu siffar tsinin gatari, kowanne yana tokare ɗan'uwansa, na tsakiya ya kulle su duka. Maginan da ya tarar a Delhi ba haka suka gada ba. Su jera dutse suke yi a kwance, kowane sahu ya ɗan leƙo gaba da na ƙasansa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama, sannan a sassaƙe gefen ya yi santsi. Wanda ya taɓa ganin maginanmu suna kafa azara daki-daki don tayar da bakan gizo zai gane dabarar nan take. Saboda haka suka ba sarki siffar da ya nema, da hanyar da suka sani. Aka ba su ayoyi su sassaƙa. Ba lalle ne suna karanta Larabci ba, amma sun fitar da haruffan tsaf, sannan suka nannaɗe su da irin yaɗon furen bado da suka saba yi wa allolinsu. Ayar ta sarki ce, yaɗon nasu ne. Sai da aka yi shekara ɗari da 'yan kai, a ƙofar da Ala'uddin Khalji ya gina a 1311 a gefen masallacin nan, za ka ga baka da ƙubba na sosai sun zauna daram. Jikokin waɗancan magina sun koya, kuma ba su yar da nasu ba, don a ƙarƙashin bakan sun jera tohon bado kamar haƙoran zarto.

A tsakar gidan masallacin akwai wani ginshiƙin ƙarfe mai tsawon mita bakwai da ɗoriya, nauyinsa ya haura tan shida. Ya girmi masallacin da shekara kusan 800, an yi shi a zamanin sarki Chandragupta na Biyu. Ba narka shi aka yi aka zuba ba. Maƙera ne suka riƙa ɗora dunƙulen ƙarfe mai zafi a kan wani suna duka har ya zama abu ɗaya. Shekara 1,600 yana shan ruwan sama bai ci tsatsa ba, masu bincike suka ce ƙarfen yana da sinadarin fosfaras da yawa, shi ya yi masa wata siririyar riga da ke kare shi. Sunan sarkin yana rubuce a jiki. Na maƙeran, babu ko ɗaya.

Akwai wani baƙo da ya tsaya a wannan tsakar gida kafin ni da shekara kusan 700, kuma ya shafe mu. Ibn Battuta, mutumin Tanja, ya iso Delhi a 1334, Sarki Muhammadu bin Tuglak ya naɗa shi alƙali. Shi Bamalike ne, garin kuwa na Hanafawa, sai aka haɗa shi da mataimaka biyu. Ya ba da labarin hasumiyar da ginshiƙin ƙarfen a littafin tafiyarsa. Shi ne kuma a 1353 ya sauka a Takedda, a yankin Agadas na yanzu, ya ambaci tagullar da ake kaiwa Gobir da Barno. Ido ɗaya ya ga Delhi ya ga bakin ƙasarmu. Ni ma na ɗan ɗanɗani abin da ya ɗanɗana: ranar farko na je masallaci la'asar a lokacin da muka saba, na tarar ba kowa sai tattabaru. A mazhabar Hanafi sai inuwa ta ninka tsawon abu sau biyu.

Zan tsallake kabarin Humayun da gangan, sai a ƙarshe. Mu shiga tsohon gari, wanda Shah Jahan, mai Taj Mahal, ya kafa. Fadarsa, Jar Ganuwa, an gama ta a 1648. Gaskiya ban ji daɗinta sosai ba. Nadir Shah na Farisa ya kwashe dukiyarta a 1739, har da gadon sarautar nan mai adon ɗawisu. Bayan boren 1857 Turawan Ingila suka rushe mafi yawan cikinta suka gina barikin soja. Abin da ya rage kamar gidan da aka yi wa gwanjo ne. Sai dai in ka matsa kusa da bangon marmara za ka ga furannin da aka yi da duwatsu masu launi, an rarake marmaran an cusa su, farce ba ya samun gaɓar. A kan ganuwar nan firaministan Indiya yake jawabi duk ranar 15 ga Agusta.

Masallacin Juma'a da ke fuskantarta shi ne yake da rai. An fara shi a 1650 aka gama a 1656, ma'aikata wajen 5,000 suka yi aikin. A kan tudu yake, sai ka hau matakala fiye da talatin, ka ratsa masu sayar da turare da hula da gasasshen nama, ka tuɓe takalmi, sai fili ya buɗe maka wanda ke cin mutum 25,000. Da rana jan dutsen yana ƙuna kamar tanda, shi ya sa ake shimfiɗa siririyar darduma daga ƙofa zuwa tafkin alwala, kowa yana bin ta a layi kamar tururuwa. A ciki, daɓen farin marmara ne, an zagaye wurin tsayuwar kowane mutum da baƙin layi, sallaya ta dutse, ba mai cin sahun wani. Shah Jahan daga Bukhara ya ɗauko liman, kuma har yau zuriyarsa ce ke limanci. Turawa sun ƙwace masallacin bayan 1857, soja suka zauna a ciki, sai 1862 aka mayar wa Musulmi.

Daga ƙofar Jar Ganuwa wani titi ya miƙe yamma, Chandni Chowk, wanda Jahanara 'yar Shah Jahan ta tsara. Na bi shi a ƙafa daga farko har ƙarshe, bai kai kilomita biyu ba. A bakinsa akwai jan haikalin mabiya Jain, da asibitin tsuntsaye a harabarsa, inda ake ɗora wa tattabara karaya. Dab da shi haikalin Hindu na Gauri Shankar, ƙararrawa ba ta yin shiru. Gaba kaɗan wurin ibadar Sikh, Sis Ganj. Bango ɗaya da shi ƙaramin masallacin Sunehri. A tsallake akwai cocin Baptis. Titin ya ƙare a masallacin Fatehpuri, gefen kasuwar kayan yaji, inda ba ka shiga ka fito ba ka yi atishawa ba.

'Yan jagora suna son nuna wannan titi a matsayin shaidar zaman lafiya. Ni ina ganin kada mu yi saurin tafi. An gina Sis Ganj ne a daidai inda aka fille kan Guru Tegh Bahadur, jagoran Sikh na tara, a 1675 bisa umarnin Sarki Aurangzeb. A saman masallacin Sunehri Nadir Shah ya zauna yana kallo sojansa suna yanka mutanen gari. A 1984, bayan kashe firaminista Indira Gandhi, an kashe 'yan Sikh kusan 3,000 a wannan birni, a 2020 kuma rikici ya ci mutum 53 a arewa maso gabashinsa, yawancinsu Musulmi. Amma ga wani labarin, shi ma gaskiya. Bayan 1857 Turawa suka yi gwanjon masallacin Fatehpuri. Wani attajiri Bahinde, Lala Chunnamal, ya saye shi, bai rushe ba, bai taɓa shi ba, har aka mayar wa Musulmi a 1877. Titi ɗaya ne ya ɗauki labaran nan duka.

A Sis Ganj na ci abincin da ban biya ba. 'Yan Sikh suna da al'adar da suke kira langar: kicin a buɗe ga kowa, kullum, ba a tambayar addininka. Aka ba ni ƙyalle na rufe hulata da shi, wai ba ta isa ba a ganin wani yaro mai tsaron ƙofa, na wanke ƙafa a wani ɗan kwatami, na zauna a ƙasa a sahu. Na dama da ni mai jan keke ne, na hagu yana sanye da kwat. Wani dattijo mai farin gemu ya zo da bokitin miyar wake yana zuba wa kowa, wani na bin sa da gurasa. Gurasar ba a miƙa hannu ɗaya a karɓa, sai ka tara hannu biyu a saka maka. Na leƙa inda ake ajiye takalma, na ga waɗansu mutane, daga ganinsu masu hali ne, suna goge takalman baƙi don neman lada. Na tuna nawa duk ƙurar kasuwa ne, kunya ta kama ni.

Sabon garin zan ratsa shi a guje. Sarki George na Biyar ya sanar a 1911 cewa za a dawo da babban birni daga Kalkata, aka buɗe shi a 1931. Edwin Lutyens, wanda ya zana fadar gwamna mai ɗaki 340, bai ɓoye rainin da yake yi wa ginin Indiya ba. Amma ku je ku gani: jan dutse, 'yan rumfunan kan soro, dogon indararon inuwa, tagogin dutse masu huji, duk sun shiga. Rana da magina sun fi ƙarfinsa. Haikalin Baha'i mai siffar furen bado, na 1986, ganye 27 na farin marmara, kyakkyawa ne daga nesa, ciki kuwa kujeru ne da shiru. Akshardham na Hindu, wanda aka buɗe a 2005, ya yi mini yawa, ado a kan ado ba wurin da ido zai huta, kuma sai ka bar wayarka a ƙofa. Amma dubban masassaƙa ne suka yi shi da hannu, a zamanin nan namu. Wato sana'ar ba ta mutu ba.

Daren Juma'a ku je hubbaren Shehu Nizamuddin Auliya, wanda ya rasu a 1325. Lungu ne matsattse, masu sayar da furen wardi suna jan rigarka, har ka faɗa tsakar gida inda mawaƙan kawwali suke zaune a ƙasa suna bege da tafi. Almajirinsa Amir Khusrau yana kwance 'yan taku kaɗan daga gare shi, Jahanara ma a nan take, kabarinta ba rufi, ciyawa ce kawai a kai kamar yadda ta yi wasiyya. Musulmi, Hindu, Sikh, duk suna zuwa. Wasu abubuwan da ake yi a wurin malamanmu za su yi magana, ban zo raba wannan gardama ba. Na dai lura sarakunan da suka yi zamani da shi, kaburburansu jemagu ne a ciki.

To, Humayun. Shi ne sarkin Mugal na biyu, kuma shi ya zo da masu zane daga Farisa, Mir Sayyid Ali da Abdus Samad, waɗanda daga hannunsu zanen littafi na Mugal ya tsiro, irin wanda ake yi da burushin gashin kurege, akwai su a gidan tarihi na ƙasa. Ya rasu a 1556: yana saukowa daga ɗakin karatunsa ya ji kiran salla, ya zo durƙusawa, rigarsa ta harɗe shi ya gangaro. Aka gama kabarinsa a wajajen 1570, da zanen Mirak Mirza Giyas. Ƙubbarsa biyu ce, wata cikin wata, ta waje don mai hange daga nesa, ta ciki don kada ɗakin ya zama rijiya. Lambun an raba shi huɗu da magudanan ruwa, kwatancin ƙoramun Aljanna. Wanda ya ga wannan ya ga uban Taj Mahal. A nan aka kama sarkin Mugal na ƙarshe, Bahadur Shah Zafar, a 1857, a nan kuma 'yan gudun hijira suka yi sansani a 1947 lokacin raba ƙasa.

Abin da ya sa na ajiye shi a ƙarshe shi ne siminti. A ƙarnin da ya wuce, duk inda ginin ya tsage sai a liƙa siminti, rufin ya yi yoyo sai a ƙara kankare. Siminti ba ya numfashi. Ruwa in ya shiga bayansa ba ya samun hanyar fita, sai ya ci dutsen daga ciki. Da gidauniyar Aga Khan da hukumar kayan tarihi ta Indiya suka ɗauki gyaran, wanda aka kammala a 2013, aikin farko cirewa ne. Kankare kusan kilo miliyan ɗaya aka sauke daga rufin, da hannu, kada girgizar inji ta taɓa ginin. Sannan aka koma wa kwaɓin da: farar ƙasa da aka jiƙa ta daɗe, a niƙa ta da garin jan bulo, a zuba mazarƙwaila da niƙaƙƙen wake da ɓargon wani ɗan itace, shafen ƙarshe har da farin ƙwai. Tayil masu launi na kan 'yan rumfunan kuwa, sai da aka ɗauko gwanaye daga Uzbekistan suka koya wa samarin unguwar Nizamuddin yadda ake gasa su.

Ina tsaye ina kallon bangon yana sheƙi ba fenti, sai laso ya faɗo mini a rai. Ɗaliban da ke nan, wa ya san laso? Na ga hannu biyu. Katsi ne na marina, a haɗa da gashin jima da ruwan dafara, a shafe soro da shi, ruwa ya sauka ya wuce. Makuba kuma daga ɓawon ɗorawa. Da irin wannan ilimi Babban Gwani Muhammadu Durugu ya tayar da bakunan masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, kuma shi aƙalla mun riƙe sunansa, abin da maƙeran Delhi ba su samu ba.

Da muka dawo gida, Yaya ya warke alhamdu lillahi, soron gidanmu na gado yana yoyo. Ƙannena suka ce a kira mai siminti. Na ce a ba ni mako biyu. Na yi ta cigiya har aka kai ni wurin wani tsohon magini, ido ya fara yi masa nauyi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, laso nake so." Ya yi dariya har da tari. Ya ce rabon da a tambaye shi laso tun kafin a aurar da autarsa. Ya ce kwaɓin yana nan a kansa, ba abin da ya manta, amma marinar unguwarsu an cike ta an yi shaguna, dafara kuma sai an shiga daji sosai. Ya ce in na samo katsi buhu biyu, in zo masa da yaro mai ƙarfi wanda ba ya gaggawa, shi zai zauna a inuwa yana faɗa masa. Katsin na samo shi a wata marina da ta rage. Yaron nake nema har yanzu, shi ya sa da na ga hannu biyun nan na ce masu su su tsaya mu gana in an tashi.